AMFANIN KARATU A ƘARAMAR JAMI'A MAI ZAMAN KANTA

Wannan ita ce laccar da shugaban kwamitin ilmi na ƙungiyarmu ya gabatar a taron iyaye da ɗalibai wanda ya haɗa 'yan'uwanmu na Nguru da na Gashuwa. Mun buga ta yadda ya gabatar da ita domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

      

GABATARWA

Dalilin da ya sa kwamiti ya zaɓi wannan magana ba boyayye ba ne. Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, ƙofar gidana ba ta rabuwa da sallama. Wani ya zo bayan magariba, wani ya tare ni a bakin masallaci, kuma tambayar ɗaya ce: "Malam, yaron nan bana ma bai samu ba. An ce akwai jami'ar kuɗi. In sayar da filina in kai shi, ko kuwa ya ƙara jira baɗi?" Wannan tambaya ba ƙarama ba ce, domin kuwa fili guda ne, 'ya'yan kuma suna da yawa. Idan an kuskure, an yi biyu babu: ba filin, ba karatun.

Kafin in ci gaba, ina so jama'a su shaida, ni ba ni da jami'a, ba ni da hannun jari a ta kowa, kuma ba wanda ya ba ni ko sisin kwabo in zo in yi masa talla. Tsohon malamin makaranta ne ni, kuma uba, wanda ya ɗanɗana wannan ya ɗanɗana wancan. Abin da na gani shi zan faɗa, mai daɗi da marar daɗi.

ABIN BA BAƘO BA NE A WAJENMU

Mu fara da kanmu. Me ya kawo iyayenmu da kakanninmu wannan ƙasa ta Mangawa da Badawa? Galibi abu biyu ne: fatauci da karatu. Lokacin da titin jirgin ƙasa ya taso daga Kano ya ƙare a Nguru a 1930, sai garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da kirgi da fata da shanu, mutane suka yi ta kwararowa daga Kano da Katsina da Haɗejiya da Damagaram. Daga nan wasu suka zarce Gashuwa, bakin kogin Yobe, suka kama cinikin kifi da hatsi. Unguwar Hausari a Nguru, da Zango da unguwar Sarkin Hausawa a Gashuwa, sunayensu kaɗai sun isa shaida.

Wasu kuwa da allo suka zo. Tun kafin jirgi, idan aka ce almajiri ya tafi gabas, kowa ya san Alƙur'ani ya tafi nema. Nguru ta yi manyan malamai irin su Shehu Muhammadu Gibrima, wanda ya rasu a 1975, Allah ya jiƙansa, waɗanda mutane ke tasowa daga nesa domin su durƙusa gabansu. To, ina tambaya, waɗannan tsangayu da zaurukan karatu, gwamnati ce ta gina su? A'a. Malam ne da jama'arsa. Uba ya kai ɗansa hannu da hannu, ya ba da kuɗin Laraba, ya aika da hatsi lokacin kaka. Malam kuwa ya san kowane almajiri da sunansa da sunan ubansa da inda allonsa ya tsaya. Idan yaro bai fito karatun asuba ba, kafin hantsi an san dalili.

Ashe ke nan makaranta mai zaman kanta, ƙarama, wadda malami ya san ɗalibinsa, a cikinta muka tashi. Abin da ya sauya shi ne kayan karatun da kuma tsadar. Ku riƙe wannan, domin shi ne ma'aunin da za mu auna jami'o'in nan da shi.

TAƘAITACCEN TARIHI

A Nijeriya jami'o'i masu zaman kansu sun fara ɓullowa a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, bayan Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa doka ba ta hana ba. Cikin ɗan lokaci aka buɗe sama da 20, da yawansu ba gini, ba malamai, sai allon suna a bakin titi. Da sojoji suka karɓi mulki, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rushe su duka da doka a 1984. Waɗanda suka biya kuɗi suka tashi a tutar babu. A 1993 aka yi sabuwar doka wadda ta halatta su bisa sharuɗɗa, amma sai a 1999 aka ba uku na farko lasisi: Igbinedion da Babcock da Madonna, dukansu a Kudu.

Arewa ta biyo baya. Jami'ar Amurka da ke Yola, wadda Alhaji Atiku Abubakar ya kafa, ta fara ɗaukar ɗalibai a 2005. A wannan shekarar ce kuma aka sami ta Katsina, wadda yanzu ake kira Al-Qalam, wadda al'ummar Musulmi suka haɗu suka kafa. A Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar an buɗe jami'ar Maryam Abacha a 2013. Kano ta sami Skyline a 2018. A 2021 aka ba da lasisi ga Al-Istiqama da ke Sumaila, da Maryam Abacha ta Kano, da jami'ar Khadija da ke Majiya a jihar Jigawa, wadda duk mai bin hanyar Haɗejiya zuwa Kano yakan wuce ta gefenta. A 2022 aka ƙara da Al-Ansar a Maiduguri da ta Khalifa Isyaku Rabi'u a Kano. Ya zuwa 2024 jami'o'i masu zaman kansu a ƙasar nan sun haura 140, amma duk da haka mafi yawan ɗalibai, nesa ba kusa ba, suna jami'o'in gwamnati. Wato dai kowace ɗaya daga cikin masu zaman kansun nan ɗalibanta kaɗan ne, shi ya sa muke ce musu ƙanana. Na kawo waɗannan sunaye ne domin a san akwai su, ban ce a je wannan a bar waccan ba.

AMFANI NA FARKO: LOKACI

Jama'a, babban abin da mutum yake saye da kuɗinsa a irin wannan jami'a shi ne lokaci. Kowa a nan ya san yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU. A 2013 an yi na wata 5 da ɗoriya. A 2020 an yi na wata 9, ga annobar korona a kai. A 2022 an rufe tun 14 ga Fabrairu, ba a buɗe ba sai 14 ga Oktoba, wata 8 cif. Na 2020 da na 2022 kaɗai wata 17 ke nan. Ban zo nan domin in zargi malaman ba, don ni ma malami ne, na san abin da ke sa mai alli ya ajiye allinsa. Amma ko wa ke da gaskiya tsakaninsu da gwamnati, yaro ne ke zaune a gida. Malaman jami'o'i masu zaman kansu kuwa ba sa cikin wannan yajin, saboda haka kwas ɗin shekara 4 yakan ƙare a shekara 4.

Bari in ba ku misali daga cikin gidana. Babban ɗana ya shiga wata jami'ar gwamnati a 2019, kwas na shekara 4. Bai fito ba sai ƙarshen 2024. A tsakani ya yi zaman gida har sau biyu, ya yi jiran shago, ya yi acaba, har ya fara cewa shi karatun nan ya fita daga ransa. Ƙanwarsa ta shiga wata ƙaramar jami'a mai zaman kanta a ƙarshen 2021, ta gama a 2025. Ya riga ta shiga da fiye da shekara 2, amma tsakanin fitarsu bai cika shekara ba.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, ai duk sun gama. Akwai abu a ciki. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala digiri ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Bankuna da kamfanoni da yawa sukan sa iyakar shekaru idan za su ɗauki sababbin ma'aikata. Yaranmu kuwa da ma sukan makara wajen shiga boko, wani sai ya sauke Alƙur'ani tukuna, wani ya yi shekara 2 ko 3 yana maimaita JAMB. Idan aka ɗora masa shekara 2 na yajin aiki, sai ka ga ƙofa ta rufe yana tsaye a bakinta. Ga 'ya mace kuwa abin ya fi tsanani. Iyaye mata, ku ne shaida: sau nawa aka tsayar da magana cewa sai ta gama, yajin aiki ya zo, dangin miji suka gaji da jira, aka ɗaura aure, karatun ya bi ruwa?

AMFANI NA BIYU: MALAMI YA SAN ƊALIBINSA

A manyan jami'o'inmu, musamman a shekarar farko, akan tara ɗaruruwan ɗalibai a zaure ɗaya. Na gaba ya ji, na baya ya ga bakin malam yana motsi, wani ma ta taga yake leƙe. Malami ɗaya ba zai iya duba aikin mutum ɗari biyar da idon basira ba ko da ya so. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da baki zai fid da kansa. Amma yaronmu da ya fito daga sakandaren da ba ta da isassun malaman Turanci da Lissafi, ga kunya, ga tsoron kada ya yi tambaya a yi masa dariya, sai ya nutse shiru, ba wanda ya sani sai ranar da aka kafe sakamako.

A ƙaramin aji kuwa ba wurin ɓuya. Malam zai kira ka da sunanka, ya ce tashi ka yi bayani. Idan ka yi fashi an gani. Idan rubutunka bai yi ba, a dawo maka da shi ka sake. A ɗakin gwaje-gwaje, inda ɗalibai ba su da yawa, kowa yakan sami damar riƙe kayan aiki da hannunsa, maimakon mutum 20 su kewaye na'ura ɗaya suna kallo. 'Yar tawa da na ambata, a zangon farko ta faɗi wani darasi. Kafin ta gaya mini, malamar da ke kula da ajinsu ta riga ta bugo mini waya. Ran nan na tuna da malaminmu na allo, wanda in ka yi fashi da safe, da yamma yana zauren ubanka. Wannan shi ne gadon da na ce ku riƙe.

AMFANI NA UKU: ƘOFAR SHIGA

A 2024 kusan mutum miliyan 2 suka yi rajistar JAMB, guraben jami'o'in gwamnati kuwa ba su kusa ɗaukar wannan adadi ba, balle a kwasa-kwasan da kowa ke rububi, irin su likitanci da aikin jinya da haɗa magunguna da lauya. Tsarin ɗauka a jami'o'in tarayya shi ne kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, kashi 35 ga yankin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani. Jami'o'in jihohi kuma, bisa ga al'ada, 'yan jiha suke fara dubawa, kuma kuɗin ɗan jiha daban, na baƙo daban.

A nan ne takardar shaidar ƙaramar hukuma ke shigowa. Alhamdu lillahi, da yawanmu nan aka haifi kakanninmu, nan ne gida, ba mu da matsala, kuma muna godiya ga masarautun Nguru da Bade bisa riƙon da suka yi mana. Amma akwai 'yan'uwanmu da iyayensu suka zo daga baya, waɗanda in sun nemi takardar a nan a ce su koma garinsu, in sun je can a ce ba a san su ba. Sun zama jemage, ba su ga tsuntsu ba su ga dabba. Jami'a mai zaman kanta ba ta raba kuɗi ko gurbi bisa asalin mutum. Abin da take nema shi ne kiredit 5 a WAEC ko NECO, da makin JAMB da ya kai abin da aka yanke, wanda a 2025 aka tsayar da mafi ƙarancinsa a 150 cikin 400 ga jami'o'i. Ga yaron da ya cancanta amma layi ya yi masa tsawo, wannan ƙofa ce ta biyu.

AMFANI NA HUƊU: KWANCIYAR HANKALIN IYAYE

Yawancin ƙananan jami'o'in nan ɗalibai a ciki suke kwana, akwai ƙa'idar fita da shiga, da ta sutura, da masu kula da ɗakunan kwanan mata. Uban da ke ɗari-ɗarin tura 'yarsa babban birni ta kama hayar ɗaki a cikin gari, sau da yawa yakan yarda idan ya je ya ga inda za ta kwana da wanda zai tambaya in wani abu ya taso. Na san gidaje a cikinmu da wannan kaɗai ya sa 'ya'yansu mata suka wuce sakandare.

Har ila yau akwai kusanci. A da mai hali yakan tura ɗansa Sudan ko Masar ko wata ƙasa. Kowa ya ga abin da ya faru a Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartum, yadda aka kwaso ɗalibanmu a motoci ta cikin hamada zuwa iyakar Masar, wasu saura musu 'yan watanni su gama. A wannan shekarar kuma darajar Naira ta faɗi, kuɗin makarantar waje ya gagari mutane da yawa. Wanda ɗansa ke Majiya ko Kano ko Katsina ko Maiduguri, in ya yi sammako zai gan shi a ranar, kuma da Naira zai biya.

INDA GIZO KE SAƘA

To, jama'a, kada a ce Malam ya zo ya yi ta yabo. Yanzu ga ɗaya gefen.

Na ɗaya, tsada. Ko da yake jami'o'in tarayya da yawa sun ƙara kuɗi a 2023, har yanzu tazarar tana da faɗi. Masu zaman kansu, mai sauƙi a cikinsu dubban ɗaruruwan Naira ce a shekara, wasu kuwa miliyoyi, musamman kwasan asibiti, ban da abinci da littattafai da kuɗin mota. Kuma kuɗin da aka shiga da shi ba lalle ne a fita da shi ba, yakan hau. Rancen karatu na Gwamnatin Tarayya da aka fara bayarwa a 2024, wato NELFUND, an tsara shi ne domin ɗaliban makarantun gwamnati. Ni da ke gabanku, bijimai biyu na sayar, uwar yarinyar ta zuba adashinta, ƙanena ya ɗauki shekara guda, sannan muka kai. Kuma saboda haka ƙaninta da ke biye da ita bai sami irin wannan gata ba. Har gobe abin yana damuna. Saboda haka wanda zai shiga, ya yi lissafin shekara 4 ko 5 tun daga farko, kada ya yi na shekara ɗaya. Yaron da aka cire a aji biyu saboda kuɗi ya ƙare ya fi wanda bai shiga ba baƙin ciki.

Na biyu, ƙanƙanta ba ita ce nagarta ba. Manyan shehunan malamai da manyan ɗakunan karatu da asibitocin koyarwa, galibinsu suna tsofaffin jami'o'in gwamnati, irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano da ta Maiduguri. Kuɗin asusun TETFund da ake gine-gine da tura malamai ƙaro ilmi da shi, makarantun gwamnati kaɗai ake ba. Sabuwar jami'a kuwa sau da yawa aron malamai take yi, su zo kwana biyu su koma. Ɗan nawa da ya sha yajin aiki, wallahi ilmin da ya fito da shi ba na raina shi, don ya zauna gaban malaman da ƙanwarsa sai dai ta karanta littattafansu.

Na uku, 'yan damfara. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu, ya fallasa yadda ya sami takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6 ba tare da ya zauna a aji ba. A farkon 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. A cikin gida ma hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, takan fitar da sunayen jami'o'in bogi lokaci lokaci. Duk wanda ya ce maka zai samo wa ɗanka digiri cikin shekara ɗaya, ko ba sai da JAMB ba, to ka riƙe aljihunka.

KADA A YI CINIKIN BIRI A SAMA

Mu 'yan kasuwa ne, jikokin 'yan kasuwa. Ba wanda zai sayi buhun riɗi bai soka ya ga ƙwayar ba, ba wanda zai sayi sa bai duba haƙoransa ba. To, don me za a biya miliyoyi saboda hoton gini a waya? Kafin ka ba da ko kwabo, ka tabbatar da waɗannan:

1. Jami'ar tana cikin jerin waɗanda NUC ta ba lasisi?
2. Shi kansa kwas ɗin an amince da shi? Lasisin jami'a daban, amincewa da kwas daban. Likitanci da aikin jinya da lauya da injiniya kowanne yana da majalisar da ke kula da shi, wadda takan ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka. In ba amincewarta, yaro zai gama ya rasa lasisin aiki.
3. Gurbin ya fito ta hannun JAMB? In bai fito ta nan ba, za a sha wuya ranar tafiya bautar ƙasa.
4. Malamai nawa ne nata na dindindin a wannan sashe?
5. Ta taɓa yaye ɗalibai? Ina suke yanzu?
6. Nawa ne jimillar kuɗin, a rubuce, har da na kwana da na jarrabawa? Ana karɓa kashi kashi?

Sannan ka tashi ka je da ƙafarka, ranar karatu, ba ranar biki ba. Ka shiga aji, ka leƙa ɗakin kwana da banɗaki, ka ja ɗalibi gefe ka tambaye shi. Gani ya kori ji.

KADA A RAINA NA GIDA

Hausawa suka ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Yobe a 1991 ba mu da jami'a ko ɗaya. Yau akwai ta jiha a Damaturu, wadda aka kafa a 2006, ga kuma Jami'ar Tarayya a nan Gashuwa tun 2013. Ga Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman a Gashuwa, ga kwalejin shari'a da ke Nguru. Yaron da ya sami gurbi a ɗaya daga cikinsu, a kwas ɗin da yake so, zai ci tuwon gidansu ya tafi lacca. Wannan ni'ima ce da mu ba mu samu ba a zamaninmu. Shawarata ita ce a fara neman na gida. Ƙaramar jami'a mai zaman kanta a nufe ta idan shekaru sun fara ja, ko an nemi gurbi sau biyu ba a samu ba alhali yaron yana da ƙoƙari, ko kuwa kwas ɗin da yake so babu shi kusa. Yaron da ba ya son karatu kuwa, ko jami'ar zinariya aka kai shi asara ce, gara a ba shi jari tun da wuri.

SHAWARA GA ƘUNGIYA

Idan muka bar wannan al'amari ga aljihun kowa, to 'ya'yan masu hali kaɗai za su amfana, alhali sau da yawa ƙwaƙwalwar tana gidan mai faskare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwamiti yana roƙon a kafa asusun ilmi, kowane reshe na kasuwa, 'yan kifi da 'yan hatsi da mahauta da direbobi da 'yan tireda, ya riƙa zuba wani abu duk wata, a sa amintattu uku su riƙe, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. Ko yaro biyu muka ɗauka a shekara, namiji da mace, ta hanyar jarrabawa ba ta sanayya ba, cikin shekara 10 mun tura 20.

Kuma a zaɓi kwas bisa ga ciwon da ke damunmu. Kowa ya san yadda ciwon ƙoda ya addabi ƙasar Bade da kewaye. Da wuya a sami wanda bai yi ta'aziyyar wani ba a kansa. Muna bukatar likitoci da ma'aikatan jinya da masu gwajin jini da masana ruwan sha, musamman mata da za su duba matanmu. Ga babban asibitin tarayya a Nguru yana bukatar ma'aikata. Ga ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗejiya da Nguru, ga ambaliya irin ta 2022 da ta cinye gonaki da gidaje. Wa zai yi mana wannan aiki in ba 'ya'yanmu ba? Wanda asusu ya ɗauki nauyinsa, a yi yarjejeniya da shi a rubuce gaban iyayensa cewa zai dawo ya yi wa yankin nan aiki na wasu shekaru, amfanin kuma na kowa ne, mu da 'yan'uwanmu Mangawa da Badawa da Fulani da muke zaune tare.

KAMMALAWA

'Ya'yana ɗalibai, kalma ɗaya gare ku. In Allah ya sa an kai ɗayanku irin wannan makaranta, ya sani kuɗin nan ba daga sama ya faɗo ba. Saniyar wani ce, gonar wani ce, adashin mahaifiyarka ne, kuma haƙƙin ƙannenka ne aka jinkirta. Za ka tarar da 'ya'yan manya masu motoci. Kada ka yi gasa da su a sutura, ka yi gasa da su a aji. Wanda kuma bai sami zuwa ba, kada ya karaya, yawancin manyan ƙasar nan jami'ar gwamnati suka yi.

Iyaye kuma, mai fili da ya tambaye ni ko ya sayar, amsata ita ce: ka zo da yaron da takardunsa gaban kwamiti, mu zauna mu yi lissafin tare, mu bincika makarantar tare, kafin ka kira dillali. Ƙofarmu a buɗe take.

Abin da na faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi. Inda na yi kuskure, ku yafe mini. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani, ya jiƙan magabatanmu da suka kafa mana wannan zama, ya zaunar da Yobe da Nijeriya lafiya.